An daidaita bugun zuciya, an sallame ka: me ya rage a makonnin farko?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum. Tambayoyi sun taru a kan abu ɗaya, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Mutum ya kwanta asibiti saboda bugun zuciyarsa ya rikice, an daidaita shi da jan lantarki, ko da aikin ƙona wurin da ke rikita lantarkin zuciyar, ko an saka masa na'ura a ƙirji, an sallame shi. Daga nan fa? Dakta, Sista, Malam masanin magunguna, da sauran masu ruwa da tsaki, bismillah. Don Allah a faɗi adadi da kwanaki, kada a tsaya a kan "a kula sosai".

Likitan Zuciya: Wa alaikumus salam. Kafin komai a san cewa rikicewar ba iri ɗaya ba ce, don haka jinyar ma ba ɗaya ba ce. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Lantarkinta na tasowa daga ɗakin sama na dama, yana ba da bugu 60 zuwa 100 a minti idan mutum na hutawa. Idan ɗakunan sama suka koma karkarwa maimakon matsawa, shi ne AF, kuma babban haɗarinsa gudan jini ne da ke tafiya ƙwaƙwalwa. Idan ɗakunan ƙasa ne suka ɓalle da gudu, wato VT ko VF, haɗarin shi ne faɗuwa da mutuwar farat ɗaya. Na uku shi ne bugun da ya yi jinkiri saboda hanyar lantarkin ta toshe, mai kawo jiri da suma.

Abin da na fi so a riƙe shi ne wannan: jin sauƙi ba shi ne ma'auni ba. Ɗauki mai AF da aka ja da lantarki. Takardar ECG, wato gwajin lantarkin zuciya, ta nuna bugu ya dawo daidai, amma tsokar ɗakin sama ba ta dawo da ƙarfin matsawa nan take ba, tana iya ɗaukar kwanaki ko makonni tana sanyi-sanyi. A jikin ɗakin hagu na sama akwai wani ɗan aljihu, jini na kwanciya a ciki ya daskare. Ranar da ƙarfin ya dawo, sai zuciya ta cillo gudan. Shi ya sa maganin tsinka jini wajibi ne na aƙalla mako 4 bayan jan lantarki, da aƙalla wata 2 bayan aikin ƙona, ko da mutum na jin kansa garau.

Ɗalibar Likitanci: Dakta, ranka ya daɗe, to bayan wata biyun fa? Idan aikin ya yi nasara, bugu ya zauna, me zai sa a ci gaba da shan maganin da ke iya jawo zubar jini?

Likitan Zuciya: Saboda AF na dawowa a ɓoye. Bayan ƙona, da yawa ba sa jin fargabar ƙirjin da suka saba ji, alhali abin na zuwa yana tafiya, wani lokaci cikin barci. Don haka maki ake ƙirgawa, ba yadda ake ji ba. Gazawar zuciya maki 1, hawan jini 1, ciwon suga 1, ciwon jijiyoyin jini kamar tsohon bugun zuciya na toshewa 1, shekara 65 zuwa 74 maki 1, shekara 75 zuwa sama maki 2, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki maki 2. Tsohon lissafi na ƙara wa mace maki 1, amma ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2024 ta cire shi. Mai maki 2 ko fiye ya ci gaba. Mai maki 1 a zauna a auna da shi. AF na ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, kuma irin shanyewar da yake kawowa tana da muni. Dakatar da maganin shawara ce da likitan da ya yi aikin zai yanke bayan ya duba makin da sakamakon sa ido, ba mara lafiya a gida ba.

Masanin Magunguna: Bari in ɗora daga inda Dakta ya tsaya, domin a nan aka fi yin kuskure.

Wafarin, tsohon maganin tsinka jini: ana son INR, wato awon yadda jini ya tsinke, tsakanin 2 da 3 ga mai AF. A farko ana auna shi duk bayan 'yan kwanaki, in ya zauna a koma wata-wata. Ba a hana cin ganye kamar alayyafo da kabeji ba, abin da ke rikita shi shi ne a ci da yawa wannan mako, a daina mako mai zuwa, domin bitamin K da ke cikinsu na rage masa ƙarfi. A ci daidai gwargwado kullum. Duk lokacin da aka fara sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sake auna INR cikin 'yan kwanaki.

Afiksaban: miligiram 5 sau biyu a rana. Ana rage shi zuwa 2.5 ne kawai idan abu biyu cikin uku sun haɗu: shekara 80 ko fiye, nauyi kilo 60 ko ƙasa, kiriyatinin (awon aikin ƙoda) 1.5 ko fiye a ma'aunin miligiram. Rage shi don tsoro kawai, ba tare da waɗannan ba, na rage kariyar ne. Ribaroksaban: 20 sau ɗaya, kuma dole da abinci, in ba haka ba jiki ba ya tsotse shi sosai. Idan ƙoda ta yi rauni a koma 15.

Waɗannan sababbin magungunan tsinka jini, afiksaban da ribaroksaban, ƙarfinsu na fita daga jiki cikin kwana ɗaya ko makamancin haka, don haka tsallake kwana biyu tamkar ba a sha ba ne. In an manta na sau biyu a rana, a sha idan ba a wuce awa 6 ba. Na sau ɗaya, idan ba a wuce awa 12 ba. In an wuce a bari sai na gaba, kada a ninka.

Asfirin ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu. Ibufurofen da diklofenak a nisance su, suna buɗe ƙofar zubar jini a ciki. Don ciwon kai ko jiki, farasitamol. Rifamfisin na tarin fuka, da kabamazefin da fenitoyin na farfaɗiya, suna kashe wa sababbin magungunan ƙarfi, dole likita ya sani.

Likitan Zuciya: Malam, ka bar guda ɗaya mai girma. Mai bawul na ƙarfe (bawul shi ne ƙofar da jini ke bi a cikin zuciya), da wanda bawul ɗin mitiral ɗinsa ya ƙuntata sosai sakamakon zazzaɓin rumatik, wafarin ne nasu, ba sababbin ba. Binciken INVICTUS da aka fitar a 2022 ya gwada ribaroksaban da wafarin a masu AF na rumatik, wafarin ne ya fi kyau, har mace-mace ma sun fi ƙaranci a masu shan sa.

Masanin Magunguna: Haka ne, Dakta, na gode da gyara.

Sistar Sashen Zuciya: Ni a kan wurin hudar zan yi magana. Aikin ƙona ta jijiyar matsematsi ake shiga. Bayan an gama ana kwanciya rigingine na 'yan awanni, ƙafa a miƙe. A gida: kada a ɗaga abin da ya wuce kilo 5 na mako guda, kada a yi yunƙuri mai ƙarfi a banɗaki, a dafe wurin in za a yi tari ko atishawa. Wanka a tsaye ba laifi daga washegari, amma kada a jiƙa wurin cikin ruwa har sai ya rufe. Fata ta yi baƙi ko shuɗi, har ya gangaro cinya, wannan jini ne da ya kwanta, zai baje cikin mako biyu zuwa uku. Wanda ba a jira da shi shi ne kumburi mai girma da sauri, ko kumburin da kake jin yana bugawa a ƙarƙashin yatsa, ko ƙafa ta yi sanyi ta dushe. In jini ya ɓalle, a kwanta, wani ya danna wurin da ƙarfi minti 10 ba ɗagawa ba leƙawa, in bai tsaya ba a ci gaba da dannawa a nufi asibiti.

Ɗan zafin ƙirji da ke ƙaruwa idan an ja numfashi ko an kwanta, a kwanakin farko, yawanci kumburin rigar zuciya ne daga ƙonar. Amma jiri, gumi mai sanyi, numfashi sama-sama da faɗuwar awon jini na iya nuna jini ya taru a kewayen zuciya yana matse ta. Wannan na gaggawa ne.

Likitan Zuciya: Sista ta kawo ni inda nake so. Akwai wata matsala da ba kasafai take faruwa ba, amma ina so kowa ya haddace ta, domin tana zuwa ne bayan an saki jiki. Maƙoshi na bin bayan ɗakin hagu na sama, manne da shi. Zafin ƙona na iya cin bangon maƙoshi a hankali har kafa ta buɗe tsakaninsu. Yawanci tsakanin mako 1 zuwa 4 take bayyana, wani lokaci har wata biyu. Alamunta: zazzaɓi, ciwon ƙirji, zafi ko wahalar haɗiya, aman jini, ko alamun shanyewar jiki. Duk wanda ya ga haka ya je asibiti nan take, ya faɗi da bakinsa cewa an yi masa ƙonar AF ranar kaza. Abin da ake yi shi ne hoton CT na ƙirji. Ba a zura kyamara ta baki, domin iskar da ake hurawa na iya bi ta kafar ta shiga zuciya ta wuce ƙwaƙwalwa. Maganin rage ruwan tsamin ciki da wasu cibiyoyi ke bayarwa na mako 4 zuwa 6 don kare maƙoshi ne, a shanye shi.

Sai batun dawowar rikicewar a farkon lokaci. Cikin wata biyu zuwa uku na farko, zuciya na cikin kumburin rauni, tana iya tsalle-tsalle, har AF ya leƙo. Ba a yanke hukuncin cewa aiki ya faɗi a wannan lokaci. A kira asibiti idan ya wuce awa 24, ko bugu ya zauna sama da 120 ana hutawa, ko ya zo da haki ko jiri.

Mai Duba Na'urori: Ga masu fesmeka, na'urar da ke hana bugu yin jinkiri, ko ICD, wadda ke jan zuciya da lantarki in ta ɓalle da gudu. Wayoyin na'urar na bi ta jijiya ne su maƙale a bangon zuciya, kuma sai bayan makonni nama ke rufe bakinsu ya riƙe su. Don haka ƙa'idar da muka saba bayarwa: kada gwiwar hannun ɓangaren na'urar ta wuce kafaɗa, kada a ɗaga nauyi, na mako 4 zuwa 6. Alamun waya ta goce: jiri ko suma sun dawo, shaƙuwa mai naci, ko tsokar ƙirji ko ciki na motsi daidai da bugun zuciya.

Likitar Gashi (mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi): Malam, a nan ina da ja. Yadda ake faɗin wannan ƙa'ida na sa mutane su manne hannu a jiki wata guda da rabi, wasu har da rataye shi a wuya. Sakamakon shi ne kafaɗa ta sandare, kuma sandararriyar kafaɗa na iya ɗaukar watanni masu yawa kafin ta saki. Hujjar cewa ɗaga hannu a hankali ne ke goce waya ba ta da ƙarfi. Daga washegari a fara juya kafaɗa, a lilo da hannu a hankali, a ci abinci da shi, a ɗaga shi zuwa daidai kafaɗa sau da yawa a rana.

Mai Duba Na'urori: Malama, ban ƙi ba, rataye hannu fiye da kwana ɗaya ko biyu kuskure ne. Amma ba zan janye batun fizga da nauyi ba. Miƙa hannu da ƙarfi don ɗauko abu a sama, jan abu mai nauyi, iyo, waɗannan su jira. Waya in ta goce, sake buɗe wurin ake yi, kuma kowace sake buɗewa na ƙara haɗarin shigar ƙwayoyin cuta.

Likitar Gashi: A kan fizga da nauyi mun daidaita. A motsa, kada a fizga.

Sistar Sashen Zuciya: Tunda an ambaci ƙwayoyin cuta. Wurin na'ura in ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, yana fitar da ruwa ko mugunya, ko fatar ta yi siriri har ana hango ƙarfen, ko zazzaɓi ya zo ba dalili, ko da bayan watanni ne, a koma wurin waɗanda suka saka ta. Kada a bari kowa ya soka allura don zuƙe kumburin, hakan na tura ƙwayoyin ciki. Kada kuma a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a sha, yana danne alamu ne kawai. In aljihun na'ura ya kamu, maganinsa shi ne a cire na'urar da wayoyinta gaba ɗaya.

Mai Duba Na'urori: Sauran abubuwan yau da kullum a taƙaice. Salula ta yi nisan santimita 15 da na'urar, a saurara da kunnen ɗaya ɓangaren, kada a sa ta a aljihun ƙirji. Maganaɗisu ne matsalar: in ya zauna a kan ICD yana dakatar da jan da ke ceton rai muddin yana wurin, kuma akwai shi a wasu salula, abin sauraron kunne da murfin jaka. Murhun lantarki mai aiki da maganaɗisu, a ba shi kimanin santimita 60. Walda ta lantarki sai an tattauna da asibiti. Ƙofofin bincike na filin jirgi da na kantuna, a wuce da tafiyar da aka saba, kada a tsaya a jingina. Hoton MRI na yiwuwa ga yawancin sababbin na'urori, amma sai an saita na'urar kafin da bayan hoton. Katin na'ura ya zauna a jiki kullum.

Ga mai ICD, tsarin ja: ja ɗaya kuma kana jin daidai, zauna, kira asibitin na'ura a ranar. Ja ɗaya tare da ciwon ƙirji, haki ko suma, ko ja biyu cikin awa 24, gaggawa ce, kuma kada ka tuƙa kanka. Uku ko fiye cikin awa 24 muna kiransa guguwar lantarki. Ba kowane ja ne na VT ba: AF mai gudu ko wayar da ta tsage na iya ruɗar na'urar, shi ya sa ake karanta ta bayan kowane ja. Wanda ke taɓa mutum lokacin jan ba abin da zai same shi, iyaka ya ji ɗan tsirr.

Ɗalibar Likitanci: Tuƙi fa?

Likitan Zuciya: Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a tambayi ta inda ake. Misali a Ingila: mako 1 bayan fesmeka, wata 1 idan ICD na rigakafi ne, wata 6 idan an saka ta bayan rikicewar da ta kayar da mutum, kuma mai ICD ba ya tuƙa bas ko babbar mota. Dalilin a fili yake, VT na iya ɗauke hankali cikin daƙiƙoƙi kafin na'urar ta yi ja.

Masanin Magunguna: In koma kan magungunan daidaita bugun kansu. Amiyodaron na aiki, amma mai bashi ne. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa aidin ne, yana taruwa a kitse, kuma bayan an daina yana ɗaukar watanni kafin ya fita. A auna tayirod da hanta kafin a fara, sannan duk wata 6. Hoton ƙirji a farko. Busasshen tari ko haki sabo a kan amiyodaron, a ɗauka huhu ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Yana sa rana ta ƙona fata, yana iya taɓa gani. Yana ƙara wa wafarin ƙarfi, ana rage wafarin da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, ana raba digoksin (maganin zuciya) biyu, simbastatin (maganin kitsen jini) kada ya wuce miligiram 20. A bar garehul.

Bisofurolol, metofurolol da danginsu, masu rage gudun zuciya, ba a yanke su lokaci ɗaya, zuciya na iya ɓallewa da gudu. Filekenayid ba na mai toshewar jijiyoyin zuciya ko raunanniyar zuciya ba ne, binciken CAST na 1989 ya nuna ƙarin mutuwa a waɗanda suka taɓa bugun toshewa.

Mai shan sotalol ko amiyodaron, ko mai dogon QT, wato wanda ECG ta nuna zuciyarsa na daɗewa kafin ta sake caji, ya faɗa kafin a rubuta masa azitromaisin, eritromaisin, sifurofuloksasin, kwinin, kulorokwin, haloferidol ko ondansetiron. Haɗuwarsu na tsawaita lokacin da zuciya ke sake caji, ta faɗa mummunan gudu. Abin ya fi muni in sinadarin fotasiyam na jini ya sauka. Daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0, ga waɗannan an fi son 4 zuwa sama. Gudawa ko amai na kwana biyu ga mai shan maganin fitsari kamar furosemayid ya isa ya zubar da fotasiyam da magnisiyam, don haka a je a auna, kada a jira. Maganin mura mai sudo'efedirin ma a bar shi.

Likitar Gashi: Motsa jiki: tafiya minti 5 zuwa 10 sau biyu ko uku a rana daga makon farko, a ƙara 'yan mintoci duk bayan kwana biyu, har a kai minti 150 a mako. Mai shan maganin rage gudun zuciya kada ya bi lissafin bugu, maganin ya danne shi. Ma'auninsa magana: in kana iya jera jimla kana tafiya, daidai ne. Mai ICD ya tambayi adadin bugun da aka saita na'urarsa ta fara aiki, ya tsaya ƙasa da shi da bugu 10 zuwa 20. Inda akwai shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya, a shiga. Ina ƙara cewa a bar kofi gaba ɗaya.

Likitan Zuciya: Malama, a kan kofi ban bi ki ba. Bincike bai nuna kofi ɗaya ko biyu a rana na tayar da AF ga yawancin mutane ba. Wanda ya lura yana tayar masa, ya bari. Lemukan ƙara kuzari daban ne, waɗannan a bar su. Abubuwan da ke dawo da AF da gaske su ne giya, ƙiba, hawan jinin da ba a riƙe ba, da ɗaukewar numfashi cikin barci. Binciken LEGACY na Ostareliya a 2015 ya nuna waɗanda suka rage kashi 10 cikin ɗari na nauyinsu suka riƙe hakan sun fi zama ba AF nesa ba kusa ba. Mai minshari mai ƙarfi da ke farkawa a gajiye, a yi masa gwajin barci, in ba haka ba kowane dare zuciyarsa na shan fizga, ƙonar ba za ta daɗe ba.

Likitar Gashi: Na karɓa, Dakta. Na janye kofi, na bar lemukan kuzari.

Sistar Sashen Zuciya: Akwai abin da ba ya fitowa a ECG. Wanda ICD ta ja, ko wanda zuciyarsa ta tsaya aka dawo da shi, sau da yawa tsoro na kama shi: ya ƙi fita, ya ƙi barci, ya ƙi kusantar iyali. Wasu na samun mantuwa da saurin gajiya na watanni. Wannan ɓangare ne na ciwon, ana magance shi, a faɗa wa likita kamar yadda za a faɗi ciwon ƙirji. Wanda zai iya hawa bene hawa biyu ba haki, galibi kusantar iyali ba ta fi ƙarfinsa ba.

Mutanen gida su koyi abu biyu. Alamun shanyewar jiki: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe. A riƙe lokacin da aka fara gani da lokacin shan maganin tsinka jini na ƙarshe, domin maganin narkar da gudan jini na da iyakar awa 4 da rabi. Na biyu danna ƙirji: mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, a kira taimako, a danna tsakiyar ƙirji zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Ko yana da na'ura a danna, kada a tsaya jiran ta.

Likitan Zuciya: Kuma in sanadin na gado ne, kamar dogon QT, Burugada ko kaurin tsokar zuciya, iyaye, 'yan uwa na ciki ɗaya da 'ya'ya su yi ECG da hoton zuciya, domin yawancinsu kowane ɗa na da rabi da rabi na ɗauka. Mai Burugada ya sauke zazzaɓi da wuri da farasitamol, zafin jiki na tayar da shi.

Ɗalibar Likitanci: Sista, tambaya ta ƙarshe. Na'urar awon jini ta gida na nuna bugu, ya isa a dogara da ita?

Sistar Sashen Zuciya: Idan bugu na tafiya daidai, eh. A cikin AF tana yawan kuskure, domin wasu bugun ba su da ƙarfin da za ta ji. A zauna minti 5, a auna sau uku da tazarar minti ɗaya, a ɗauki matsakaici. Bugun kuma a ƙirga da yatsu biyu a wuyan hannu, cikakken minti ɗaya, ba daƙiƙa 15 a ninka ba. A rubuta adadin, a rubuta ko yana jere ko yana tsalle, da safe kafin magani da kuma dare, a tafi da takardar ranar komawa asibiti. Ƙasa da 50 tare da jiri, a kira kafin a sha ƙwayar gaba.